Rake a Filin Langa

Shekarar da Turawa suka ɗebi mutane zuwa haƙar kuza, Maiwada ɗan ƙanena ya dawo Kudan daga can ya tarar ƙyanda ta kwashe masa yara biyu. Saura ɗaya, Ɗanliti. Tun daga nan ya tsare yaron a gida, ko zaure ba ya leƙowa.

Ni na yi fatauci har Ikko, na ga mutane iri-iri. Duk wanda ya iya zama da jama'a, a filin wasa ya fara koyo. Na gaya wa Maiwada haka.

"Baffa, ture shi za su yi."

"Su ture shi ɗin. Kai ba a kayar da kai ba? Ga ka nan har da gemu."

Sai da yaron ya koma hira da awaki sannan uban ya yarda. Ran nan da la'asar ya kai shi gindin tsamiya inda yara ke langa. Kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle, wanda aka ture ya faɗi sai ya koma gefe ya jira. Amma Maiwada bai je hannu banza ba. Damin rake ya saɓo daga fadamarsa, ya kira Uwaisu, babban yaran.

"Kowa zai sha. Amma kada wanda ya taɓa mini shi."

Aka fara. Ɗanliti na tafe, yara na zubewa tun kafin ya iso su, wani har da birgima. Yaron ya yi ta dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Uban ya dube ni, wai na gani ko.

Washegari Ɗanliti ya riga kowa zuwa. Ba wanda ya zo. Na bi sawu na same su can bayan injin matsar rake, ƙura na tashi, ana ta bangaje juna.

"Kai Uwaisu, ɗan'uwanku fa?"

"Baba, langa muke son yi."

"Shi ma ita yake so."

Ya sosa ƙeya. "Wanda ba a turewa, me za mu yi da shi?"

Na je na faɗa wa Maiwada. Ya miƙe ya ɗauki adda.

"Raken jiya ne bai ishe su ba, Baffa."

Ya nufi fadama. Da na biyo ta gindin tsamiya, yaron na nan riƙe da ƙafarsa, yana duban hanya.