Kwami Uku na Na'a-na'ar Kaka

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. In na yi tuntuɓe, a kau da kai.

Kwana tara Baba ya yi yana fesa ruwan darbejiya a lambun na'a-na'arsa, yadda malamin gona ya ce: a daka ƙwallon, a jiƙa, a tace, a ɗiga sabulu. Amma kwami ukun da ke bakin rijiya sai ƙara lalacewa suke, ganye ya nannaɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya. Irin marigayiya Kaka ne, ita ta dasa da hannunta.

"Yaya, wannan ai shayi kake ba su," in ji Kawu, ƙanen Baba. "Ka sayo maganin kwalba mai ƙarfi."

Baba ya ce, "Mai matse man na'a-na'a ba ya karɓar ganyen da ya sha guba. Da hanci yake ganewa."

"To zauna, har ciwon ya cinye sauran."

Tabarau, autar gidan, tana tsaye riƙe da rariya. Ta karanta takardar malamin har sau huɗu, ta ga inda aka yi kuskure. Malamin ya ce "magani", Baba kuwa ya ɗauka mai warkarwa ne.

"Baba," ta ce. "Ba ya warkarwa."

Suka juyo.

"Ƙwarin nan ƙanana da ke bayan ganye, su ke tsotso ciwon su kai wa na kusa. Su darbejiya ke kora. Wanda ya riga ya kamu kuwa..." Ta nuna kwami ukun. "Tugewa ake yi, a ƙone."

"Ka ji boko," Kawu ya yi dariya. "Irin uwarmu za a ƙone?"

Baba ya tsuguna a kwami na huɗu, mai lafiya, ya juya ganye ɗaya. Ƙwari biyu na tafiya a kai. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya koma bakin rijiya, ya kama tushe na farko, ya ja. Ƙamshi ya cika lambun.

"Kawo ashana," ya ce wa Kawu, bai ɗago ba.

"Ni dama abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Kawu, yana laluben aljihu.

Tabarau ta ajiye rariya a hankali, ta bi bayan shinge ta sulale.