Shafin da Maigandi Ya Soke

"Ba a ba ta komi sai Malam Maigandi ya diba littahi," in ji Kulu, ta sa hannu ta kare bakin jikarta.

Lailatu ta tsaya da kofin ruwan gishiri da sukari, ranta a ɓace. Shekara uku ta yi tana karatun jinya, amma a unguwar Ƙofar Atiku har yau ita ce dai yarinyar maƙwabta mai tallan fura. Jaririya Sadiyatu kuwa kwana biyu tana zawo, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa. Kulu ta hana ta nono, ta hana ta ruwa, wai a bar ciki ya huta, yadda Maigandi ke faɗa tun zamanin Turawa.

Maigandi tsohon disfensa ne, mai ba da magani a asibiti, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Kulu. Ko ciwon kai ka kai masa sai ya lashi yatsa ya buɗe ƙaton littafinsa, kuma unguwar ba ta ƙetare maganarsa. Wata biyu ke nan yana kwance, ƙafafu a kumbure.

Da hantsi suka shiga ɗakinsa da jaririyar. Motocin simintin Kalambaina na wucewa, ƙyauren ɗakin na rawa.

"Baba, ga sabon littahin da anka ba mu," in ji Lailatu. "Sun ce a ba yaro wanga ruwa, kuma kar a tsai da nono."

"Sun gwada, ko ko zance na?"

Ta karanta masa yadda aka gwada a kan yara da yawa lokacin annobar amai da gudawa, da yadda mutuwa ta ragu. Ya sa ta maimaita. Ya tambayi shekarar bugu, ta ce bara. Nasa littafin ya girmi mulkin kai.

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Ɗiyan Illo mahauci da sunka rasu, su biyu," ya ce a hankali. "Ni nic ce a hana musu ruwa."

Tausayi ya kama Lailatu, har ta yi da-na-sanin zuwa. "Baba, abin da kag gani rubuce kab bi."

"Shi na. Yanzu ma shi za mu yi. Kulu, ki ba ta."

"Malam, kai da bakinka hwa kac ce..."

"Ni da bakina nika warwarewa. Littahina ya tsuhwa. Ki ba ta, gabana."

Kulu ta karɓi cokali ta fara ba ta. Sai da ya ga maƙoshin yarinyar ya motsa, sannan ya nemi alƙalami. Lailatu ta riƙe masa littafin, ya ja layi a kan shafin daga sama har ƙasa, a karkace.

Washegari bayan Azahar ya cika.

Da La'asar aka fito da shi. Lailatu na tsakar gidan Kulu, tana jin takun maza a lungu da muryar masu salati. Kulu na zaune da jikarta a cinya, hawaye na ɗiga kan zanenta. Ta so ta goge fuska, amma Sadiyatu ta kama cokalin da hannu biyu, ta ƙi saki.