Shaddar Abu Wisam

An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To ni na fi shekara ashirin ina taka keken ɗinki a barandar kantin Abu Wisam da ke unguwar Treichville, amma ko ƙurar kanwar ba ta sauka a kaina ba. Furfura dai ta zo, ita ba ta jiran gayyata.

Kusan lokaci ɗaya muka shigo Abidjan ni da shi. Shi daga wani ƙauye a kudancin Labanan da akwati ɗaya, ni daga Luga ta ƙasar Sanagal da almakashi a aljihu. Yau Abu Wisam yana da kantunan yadi uku da sito a bakin tashar jirgin ruwa. Ni kuma, Masamba Sall, ina da kekuna biyu, ɗaya na ɗinki ɗaya na yi wa wuyan riga ado, sai manyan riguna waɗanda ko a mafarki bai taɓa sa irinsu ba. Rigarsa toka-toka ce mai gajeren hannu, kuma na rantse tun zuwana nake ganinta. Idan muka tsaya tare a ƙofar kanti, baƙo sai ya ɗauka ni ne mai wurin, shi kuma gyaran fanka aka kira shi.

Ba wani sirri a cikin lamarin, kowa a layinmu ya san shi. Kwara, wato ɗan Labanan, idan ya ci riba, ribar kan kantar shago take komawa ta zama yadi. In ta yi yawa ya aika gida a turo masa ɗan ƙaninsa, ya tsayar da shi a bayan kanta har ƙafafunsa su kumbura, sannan ya buɗe masa shago. Mu kuwa ribarmu cikin kwanon shinkafa take faɗawa, abin da ya saura suna da biki da ragon Layya su cinye. Mu ma muna kawo 'yan uwa daga gida, sai dai namu tabarma muke shimfiɗa musu. Na sha zama ina yi wa Kwarori tsiya a majalisar shayi, ina cewa mutane ne da ba su san daɗin kuɗinsu ba. Ana gama dariya sai in koma barandarsu in ci gaba da taka keke.

Wata safiya Abu Wisam ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ɗansa Wisam kuma ya ce shi ba zai mutu yana auna yadi ba, ya koma sayar da firji. Ƙaramin kantin nan da nake zaune a barandarsa ya fi ƙarfinsa yanzu. Yana so ya damƙa wa wani makulli da kayan da ke ciki, mutum ya sayar ya riƙa biya a hankali, har wurin ya zama nasa.

"Kai nake tunani, Masamba," ya ce. "Ka san yadi, masu saye sun san ka, ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Amma ban taɓa zuwa gidanka ba. Mu ba ma ba mutum makulli sai mun ga yadda yake zaune."

Allura ta kusa shiga yatsana. Na yi shekaru ina leƙen cikin kantin nan ta taga kamar ɗan akuya a bakin rumbu, ga shi an ce in shigo. Na ce masa Lahadi mai zuwa gidana gidansa ne.

Da na gaya wa matata Nogoye, sai ta ajiye ludayi ta dafe ƙirji. Mu biyu ba mu yi musu ba a kan ma'anar maganarsa. Mutum ya ce zai zo ya ga yadda kake zaune, ai so yake ya ga ko kai wani ne. A wurinmu kuwa ba a gane mutum da abin da ya tara, ana gane shi da yawan bakin da ke ci a kwanonsa da yadda yake sallamar baƙo. Nogoye ta ce idan Kwara ya zo ya tarar da mu biyu da 'ya'ya muna cin shinkafa shiru kamar gidan makoki, zai ce wannan ba shi da jama'a, wa zai saya a hannunsa? Na ce wallahi kin yi magana.

Hidima ta tashi. Aka yi cinikin kifi tun yana cikin kwalekwale, aka yi hayar rumfa da kujeru, aka gaya wa makaɗa. Nogoye ta aika wa matan ƙungiyarsu, ni na sanar a majalisa, kuma duk ɗan Sanagal da ke Treichville yana da kunne a majalisar nan. Kafin Juma'a aljihuna ya yi fayau. Sai na dubi keken adon wuya, na ce da kaina, mai kanti me zai yi da keke biyu? Na tura shi tsallaken titi wurin Gora, telan da muka daɗe muna hararar juna a kan masu kawo ɗinki. Bai ko taya ba, ya biya yana murmushi, ni ma na karɓa ina tausaya masa, don shi a tela zai ƙare.

Ranar Lahadi da azahar Abu Wisam ya iso da ƙafa, da rigar nan toka-toka, da wani ƙunshi a hammata. Ya tsaya a bakin lungu yana kallon rumfa da ganguna da matan da suka sha gwal, har ya tambayi wani ko biki ake yi, ko ya yi ɓatan gida ne. Na fito da babbar rigata mai ruwan zuma na rungume shi, na ce duk wannan dominka ne. Ya ce "domina?" a hankali, ni kuma na ɗauka daɗi ne ya sarƙe shi.

Shinkafar nan kam ba ta da makusa. Nogoye ta zauna a gefen kwano tana ɓare tsokar kifi tana turawa gabansa, ta tura karas, ta tura rogo, ta tura kabeji. Duk sanda ya ce ya ƙoshi sai ta ce ai bai fara ba. Ya ci har ya kwance maɓallin wuya. Ina lura da idonsa yana bin manyan kwanonin da ake fita da su zuwa maƙwabta da masu gadi da masu wankin mota, ni kuma ƙirjina yana ƙara faɗi.

Bayan an wanke hannu ya miƙo mini ƙunshin, ya ce ɗan abin gaisuwa ne. Na buɗe a gaban jama'a. Shadda ce shuɗiya, irin mai nauyin nan da yake kullewa a akwatin gilashi, wadda sai manyan alhazai ke tambayar kuɗinta. Na ɗinka ta ga mutane ba adadi, ban taɓa mallakar ko kamu ɗaya ba. Mata suka yi guɗa. Na ɗora ta a cinya ina shafawa, idona har ya kawo ruwa.

A daidai nan Penda Samb ta miƙe. Penda maroƙiyar gidanmu ce, uwarta ta yi wa ubana roƙo, kakarta ta yi wa kakana. Ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu, makaɗa suka sassauta. Ta fara da kakan kakana wanda ya yanka sa ɗaya tilo da yake da shi saboda baƙon da bai san sunansa ba. Ta gangaro kan kakana, ta zo kan ubana wanda bai taɓa cin abinci ƙofa a rufe ba. Sannan ta juyo ta nuna Abu Wisam, ta ce ga Balaraben da ya ƙetare teku ya rasa aminin da ya fi ɗan Sall, yau za a ga ko jinin nan yana nan ko ya tsinke.

Wanda ba a taɓa yi wa kirari da sunan kakanninsa ba, ba zai gane ba. Kai ne ke kumbura, hannu kuma ya daina shawara da kai. Na laluba aljihu, babu komai, hidima ta cinye. Ido ɗari yana kaina. Sai na miƙe, na warware shaddar nan, na yafa wa Penda a kafaɗa, na ɗaga murya na ce wannan daga hannun baƙona ne, Abu Wisam, a yi masa kirari.

Lungu ya ɗauka. Ganguna suka tashi, Penda ta yi juyi da shadda tana kiran sunansa da na ƙauyensu, tsofaffi suna zuwa suna riƙe hannunsa da hannu biyu. A al'adarmu ban san wata girmamawa da ta wuce wannan ba: na mayar da kyautarsa suna, kuma suna ba ya tsufa kamar yadi. Na dube shi ina jiran ya yi hawaye. Yana zaune da kofin shayi a hannu, idonsa a kan shaddar, kamar mai kallon motarsa tana gangarawa cikin kogi.

Da na raka shi bakin titi ya yi godiya sosai, ya ce bai taɓa cin shinkafa irin wannan ba. Sannan ya waiwaya ya dubi rumfar, ya tambaye ni ko duk mutanen nan 'yan uwana ne. Na ce duka, wanda ba na jini ba na zama ne. Ya ce, to idan ɗayansu ya shigo kanti ana gobe Salla, ba shi da ko sisi, ya ce in ba shi yadi?

"Haba Abu Wisam," na ce ina dariya, "ai ka gani da idonka. Ni ɗan Sall ne. Ban taɓa cewa babu ba."

Ya gyaɗa kai ya ce ya gani. Na koma gida ina gaya wa Nogoye ta fara tunanin launin fentin da za mu yi wa kanti.

Kwanaki suka wuce bai ce komai ba, ni kuma na ƙi tambaya don kada a ce na ƙosa. Ranar da ya sake jawo kujerar nan, tun kafin ya zauna na ga amsar a fuskarsa. Ya ce ya yi magana da ɗan ƙanwar matarsa a Labanan, yana nan tafe ƙarshen wata. Ya ce baranda tawa ce har iyakar raina, ya riga ya gaya masa.

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na tambaye shi abin da ya gani a gidana da bai yi masa ba, ko an yi masa rashin kunya ne.

"Ba a taɓa karrama ni kamar yadda ka yi ba," ya ce. "Shi ya sa. Shaddar nan ko shayi ba a gama sha ba ta bar hannunka. In na ba ka kanti, kafin Layya kantoci sun zama fayau, duk Treichville ta yi kyau, ni kuma ba zan iya ko yin fushi da kai ba. Gara in rasa mai kanti da in rasa aboki."

Na so in ce masa ai da sunansa na bayar, har yau ana ambatonsa a gidajen suna. Na buɗe baki sai na tuna suna ba ya hawa kantar shago. Na yi fushi ƙwarai, na yini ban kula shi ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na rasa inda ya yi ƙarya. Da dare ya yi Nogoye ta ce rowa ce irin ta Kwarori, su je da kantinsu, ai an ga wanda ya fi wani gida. Na ce ƙwarai kuwa. Sai dai abincin bai wuce mini ba.

Ƙarshen wata ɗan ƙanwar matar ya iso, wani siriri mai suna Nazih, ba ya jin Faransanci balle yaren kowa, bai san bambancin shadda da atamfa ba sai da na nuna masa. Ni na koya masa yadda ake riƙe almakashi a tsaga yadi ba tare da ya karkace ba. Yana kirana kawu, yana kawo mini gahawa mai ɗaci a ɗan kofi. Yaron kirki ne, abin haushin ke nan.

Ranar da mai fenti ya zo rubuta sabon suna a saman ƙofa, Penda Samb ta iso barandata da ƙunshi a ka. Ta zauna, ta gaishe ni da sunan kakannina, ta kwance ƙunshin. Shaddar ce. Ta ce akwai babban biki a gidan wani ɗan kasuwa, tana so a yi mata riga wadda duk wanda ya gani zai tambayi wanda ya ba ta, kuma wa zai taɓa wannan yadi in ba mai shi ba? Tana son ado a wuya har zuwa ciki, da zare mai ruwan gwal.

Ɗan Sall ba ya karɓar kuɗin ɗinki a hannun maroƙiyar gidansu, wannan ko yaro ya sani. Na auna ta, na yanka, na haɗa, mai fenti yana bisa tsani yana ɗiga mini shuɗi a kan keke. Da na zo wuya na tsaya, don keken adon yana tsallaken titi.

Na naɗe rigar na tsallaka wurin Gora. Ya juya ta ya shafa, ya yaba yadin, ya ce irin wannan aiki da tsada, amma tunda ni ne zai rage mini. Na tsaya a kansa yana yi wa shaddata ado da kekena, na biya shi daga aljihuna. Daga inda nake ina hango Nazih a cikin kanti, wata tsohuwa 'yar garinmu tana roƙonsa ya ba ta yadi zuwa bayan Salla, shi kuma yana murmushi yana girgiza kai. Kalmar ciniki ɗaya ya koya tun zuwansa, "babu", kuma ya iya ta sarai. Tsohuwar ta fito tana waige-waige, na san kuma wa take nema.