Allurar da Ta Kafe a Niyu Zilan

Shekara hamsin ina tseren daji da taswira da kamfas mai nuna arewa a nan Suwidin, ban taɓa bin sawun wani ba. Dokar wasan ma ta hana. Da za mu tafi gasar dattawa ta wasanni iri-iri a Niyu Zilan, 'yata Gunvor ta ce in sayi kamfas irin na ƙasashen kudu. Na ce mata arewa ɗaya Allah Ya yi.

Ran gasar, bayan tuta ta huɗu cikin waɗanda ake nema a dajin, na faɗa wani kwari mai sarƙaƙiya. Na duba kamfas, sai na ga allurar ta sunkuya ta kafe. Ashe namu don ƙasarmu kaɗai aka daidaita nauyinsa. Na girgiza, ta ƙi motsi. Na ce bari in bi rana, ita kuma a can ta arewa take ratsawa, ba ta kudu kamar a gida ba. Sau uku ina dawowa kan kututture guda, ƙaya ta ko'ina.

Sai ga Sixten yana haki, maƙwabcina da muke hamayya tun muna samari.

"Torvald, gida za ka gina a nan? Biyo ni, tsoho, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Kama gabanka."

Ya yi tsaki ya wuce. Na saurari takunsa har ya ɓace. Sannan na ciro usur na neman agaji, wanda duk ya busa shi ya fita daga gasa. Na daɗe ina juya shi a hannu kafin na kai shi baki.