Jar Shinkafa a Kan Kwali

An rufe ajin Malama Tabitha ranar Talata, bayan kaji goma sha ɗaya sun mutu a gidaje huɗu a Unguwar Jaji, kusa da Bunkure. Mai unguwa, Malam Hamma, shi ya sa kwaɗo a ƙofar zauren da take koyarwa.

Tabitha 'yar Filato ce, mijinta makanikin injin ban ruwa ne. Shekara biyu ke nan tana tara yaran da ba su isa shiga firamare ba, yanzu su ashirin ne. Ba ta da littattafai. Takan zana harafi a kan kwali, ta shafa masa sitaci, yara su manna abin da sunansa ya fara da wannan sautin: ɓawon albasa a kan "a", 'ya'yan tumatir a kan "t".

Makon jiya aka zo kan "sh". Ta ce kowa ya ɗebo shinkafa daga gida, aka juye a kwano ɗaya. Wata a ciki ja ce, iri ne da aka cuɗa da maganin ƙwari domin shuka. Yara suka yi ta rububin jar saboda ta fi kyau a kwali. Suka kai aikinsu gida, kaji suka tsattsage.

Da safiyar Laraba aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Saliha, uwar Kubra 'yar ajin, wadda ta rasa kaji biyar, ita ta fara magana.

"Malama, da idonki ba ki ga ja ba?"

"Na gani, Maman Kubra. Na ɗauka kala aka sa mata. Mu a garinmu dankali muke nomawa."

"Shekara biyu kina shan ruwan kanal ɗinmu na noman rani, ki ce ba ki san iri ba? Yau kaji ne. Da ƙanin Kubra ne ya tsinta fa? Yaron da ko takalmi ya samu sai ya kai baki!"

"Ni dai ban zo da ko ƙwaya ɗaya ba," in ji Tabitha, ta juya ga mai unguwa. "Baba, a tambayi yaran."

Aka jera yaran. Sha bakwai suka ce fara suka kawo. Uku suka fashe da kuka tun kafin a zo kansu.

Wani dattijo ya ce ba za a rasa wanda ya san mai wannan iri ba. A Kura ake sayar da shi, a shagon Zaharaddini. Malam Hamma ya kira shi a waya, ya matsa gefe yana saurare. Ya fi minti biyu bai ce komai ba sai "to, to".

"Me ya ce?" Saliha ta tambaya.

"Mutum uku ne suka saya daga unguwar nan. Duk maza."

"Su wa?"

"Za a bincika."

Tabitha ta ce, "To Baba, tunda babu mace a ciki, a buɗe mini ajin mana."

"Malama, ki yi haƙuri tukuna," in ji shi, ya miƙe.

Gidaje huɗun sun ƙone kwalayen. Iyaye shida sun ce ko an buɗe ajin, 'ya'yansu ba za su koma ba. Cikin yaran ashirin akwai jikokin mai unguwa biyu. Har yammacin Alhamis bai faɗi sunayen mutum ukun ba.