Igiyar Shanya Ta Koma Ƙusarta

Ranar da aka sallamo Mai Wanki daga asibiti, abin da idonta ya fara sauka a kai a tsakar gida shi ne igiyar shanya. Tana can sama inda take tun da, daga bangon kicin zuwa bangon banɗaki. Ita kuwa hannuwanta biyu a naɗe suke da bandeji tun daga hammata har gwiwar hannu, ƙirji ma a ɗaure tam.

Ba don gayu aka yi mata aikin ba. Da likita ya tsorata ta da ciwon suga ta dage ta rage ƙiba, ƙibar ta tafi ta bar mata fata. Fatar damtsenta ta saki tana reto kamar jiƙaƙƙen tawul, tana gogar jiki har ta yi gyambo, ga nauyin nono yana ja mata baya. Aka yanke fatar, aka rage nauyin ƙirjin, aka ɗinke. Likita ya kafa mata doka: kada hannu ya wuce kafaɗa, kada ta ɗauki abin da ya fi butar shayi nauyi, sai ɗinki ya kama.

Mijinta kafinta ne, mutum mara yawan magana. Ya ɗauko guduma ya sauko da igiyar daidai ƙirjinta. Da ta ɗan murmure sai ta fara karɓar ƙananan kaya na maƙwabta, riguna da ɗankwalaye. Amma babban aikinta zannuwan gado ne na wani masauki, su kuwa ba sa shanyuwa a igiyar da aka sauko da ita, ƙasa za su share. Manajan masaukin ya kai su wani shagon wanki, ya ce mata a waya, "Anti, ki huta abinki. Sai dai in watan gobe ya ƙare ba ki dawo ba, zan bar wa waɗancan gaba ɗaya."

Makonni suka shuɗe. Likita ya duba ya ce ɗinki ya kama, ta fara ɗaga hannu a hankali. Ta ce to. Amma da hannun ya kai kafaɗa sai ta ji tabon yana ja, ta ga kamar yanzu zai ɓarke. Sai ta sauke.

"Ranki ya daɗe," in ji Kafinta, "likita ya sake ki, ke ce kika riƙe kanki."

"Kai da katako kake haɗawa da ƙusa, me ka sani a kan fata?"

Ya koma kan aikinsa. Sai dai kullum in ta kwashe shanya ta shiga guga, takan ji ɗan ƙwas-ƙwas a tsakar gida. In ta tambaya ya ce igiyar ce ta saki yake ja.

Wata ya zo ƙarshe. Ta riga ta yanke a ranta cewa yau za ta kira manaja ta ce ya bar wa masu shagon wankin aikin. Da hantsi sai ga ƙanwarta, wadda duk dangi ke kira Guntuwa, ta zo dubiya. Ta karɓi ɗauraya, ta matse wata riga, ta nufi igiya. Ta yi ɗage, ba ta kai ba. Ta yi tsalle, rigar ta faɗo mata a fuska.

"Yaya, wannan igiyar shanya ce ko wayar lantarki? Ba cewa kika yi an sauko da ita ba?"

"An sauko da ita mana. Ke ce dai aka manta ba a ɗaga ba."

"To zo ki gwada, tunda ke aka yi wa tsawo."

Mai Wanki, da ma ranta a ɓace yake, ta fizge rigar, ta yarfa ta a kan igiya, ta danna mata maƙalin shanya biyu. Sai ta tsaya cak.

Hannun rigarta ya zame ya koma kafaɗa. Ga tabon nan siriri, dogo, daga hammata zuwa gwiwar hannu, a miƙe, ko gezau bai yi ba. Hannuwanta biyu suna sama da kanta. Ta juya a hankali ta dubi bangon kicin. Ramukan ƙusa ne ƙanana a jere, ɗaya bisa ɗaya, suna hawa kamar layin tururuwa, har zuwa tsohuwar ƙusar nan mai tsatsa. A jikinta igiyar take ɗaure.

Kafinta yana bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Baban yara, tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya take can. Ke kika yi shanyar jiya, ba ni ba."

"Da ɗinkin ya ɓarke fa?"

"Sai da likita ya yarda na taɓa ta. Kuma ban taɓa wuce faɗin yatsa ba."

Guntuwa ta kwashe da dariya. "Ashe Yaya kullum ƙara miki aji ake yi ba ki sani ba!"

Mai Wanki ba ta kula ta ba. Ta shiga ɗaki ta yaye zanen gadonsu, ta tsoma shi a baho, ta matse a hankali, ta ninka biyu. Ta ja numfashi ta ɗaga. Tabon ya ja, ta bar shi ya ja. Zanen ya hau igiya ya buɗe yana ɗiga, gefensa ko kusa da ƙasa bai zo ba.

Ta daɗe tana kallonsa, hannu a ƙugu, ba ta ma gyara hannun rigar ba.

"Guntuwa, miƙo min wayata. Tana kan teburin guga, nan dai za ki kai."

Da manaja ya ɗauka ta gaishe shi a tsanake, sannan ta ce, "Yallaɓai, gobe da safe a kawo min zannuwana."