Dutsen Guga a Ƙasa

'Yan layin sukan ce in ka kai wa Baba Tela ciwon kai ma, man keken ɗinki zai ɗiga maka. Ƙofa mai kuka, almakashi mai tsatsa, kaushin ƙafa, duk maganinsu ɗaya a wurinsa.

Ran nan yadi ya cika tebur, sai ya sauke dutsen guga ƙasa da zafinsa, ya juya neman alli. Ihun jikarsa Auta ne ya juyo da shi. Ta dafa dutsen da tafin hannu.

Ya rarumo kwalbar man. Kafin ya buɗe, 'yarsa, uwar yarinyar, ta faɗo shagon.

"Baba, kar ka sa! Man nan riƙe zafi yake yi."

"Ke, da shi na raine ku."

"Na sani. Buɗe mana famfo, don Allah."

Ya buɗe. Ta tara hannun a ƙarƙashin ruwan, ta zare ɗan awarwaron kafin wurin ya kumbura. Ruwa na zuba, Auta na kuka. Baba Tela ya ce ai ya isa haka. 'Yarsa ta ce da saura, sai zafin ya fita daga cikin naman. Da bororo ya taso a tafin, ya lalubo allura a wuyan rigarsa zai fasa shi.

"Baba!"

Ya mayar da ita. Bai taɓa jin hannuwansa sun zama ba su da amfani kamar yau ba.

"Samo mana ƙyalle mai tsabta, marar gashi, mu rufe mu tafi asibiti."

Nan kam an zo gidansa. Ya yanko farin yadi sabo fil, na rigar wani, ko awo bai yi ba.

Ana naɗawa sakwa-sakwa, Auta ta ɗago ido jage-jage da hawaye.

"Kaka, ba zan ƙara ba. Kar ka hana ni zuwa shago."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara.

"In na hana ki, wa zai riƙa ɓatar mini da maɓallai, 'yar tsohuwa?"

Ba ta yi dariya ba, jira take yi. Ya riƙe lafiyayyen hannun nata.

"Ba laifinki ba ne, mutuniyata. Ni na ajiye shi a ƙasa. Ki yi haƙuri, ki yafe wa Kaka."